Atomic Semi: ƙaramar masana'antar cip da ta faro daga gareji, da irin aikin da ke cikinta

A shekarar 2018 wani ɗan sakandare mai suna Sam Zeloof ya ƙera cip a garejin iyayensa da ke garin Flemington a jihar New Jersey ta Amurka. Cip shi ne ɗan guntun silikon ɗin nan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota, wanda masana ke kira semikondakta. Nasa na farko, da ya sa wa suna Z1, taransista (ƙananan makunnan da ke buɗe wa lantarki hanya ko su rufe) shida kacal ke ciki. In aka gwada da cip ɗin H100 na kamfanin Nvidia mai taransista biliyan 80, abin dariya ne. Amma waɗanda suka san harkar ba su yi dariya ba, domin sun san cewa tun shekaru da dama aka yarda wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ma fi ƙarfin yawancin ƙasashe. Bayan shekara huɗu Zeloof ya haɗa kai da Jim Keller suka kafa kamfanin Atomic Semi a San Francisco, da niyyar gina masana'antar cip ƙarama mai saurin aiki. Tambayar da matasa injiniyoyi ke yi tun lokacin ita ce: shin akwai aiki a nan, kuma in akwai, wane iri ne?

Abin da ya faru a garejin

Sai an ga yadda Zeloof ya yi aikinsa kafin a gane tunanin da aka gina kamfanin a kai. Ya fara ne da kallon bidiyon Jeri Ellsworth a YouTube, injiniyar da ta nuna yadda ake haɗa taransista a gida. Daga nan ya shiga tonon tsofaffin littattafai da takardun mallakar fasaha na shekarun 1960 da 1970, zamanin da ake yin cip a kan teburin ɗakin gwaji da kayan da hannu ke iya sarrafawa. Injunan da jami'o'i da kamfanoni suka yar, ya riƙa sayensu a eBay yana gyarawa, har da tsohon madubin ƙara girma mai aiki da ilektaron da ya sayo a lalace ya tashe shi.

Matakin da ya fi kowanne wuya a ƙera cip shi ne buga zane a fuskar silikon da haske. Ana shafa wa faifan silikon wani ruwa mai jin haske, a haska masa zanen, inda hasken ya taɓa ya canza, a wanke, sannan a zaizaye wurin da asid ko a cusa masa sinadari a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,000. A manyan masana'antu hasken yana ratsa wani gilashi ne da aka riga aka sassaƙa wa zanen, kuma kowane hawa na cip da gilashinsa. Zeloof ba shi da kuɗin gilashi, sai ya ɗauko majigin da ake haska darasi a bango, ya haɗa shi da madubin ƙara girma ta yadda hoton zai ƙanƙance maimakon ya faɗaɗa. In yana son canza zane, a kwamfuta zai canza, ya sake haskawa a ranar.

A 2021, yana ɗalibi a jami'ar Carnegie Mellon, ya fitar da Z2 mai taransista 100, ya kuma buga guda 1,200 a kan guntun silikon ɗaya. Girman ƙofar taransistansa, wato sashen da ke kunnawa da kashewa, maikiromita 10 ne (maikiromita ɗaya cikin dubu ne na milimita), daidai da na cip ɗin Intel 4004 da ya fito a 1971 da taransista 2,300. Akwai wani abu a labarin Z2 da ake yawan tsallakewa, ni kuwa shi ya fi jan hankalina. Akwai shimfiɗar silikon da ba a iya yi sai da iskar silen, wadda ke kamawa da wuta da zarar ta haɗu da iska. Zeloof bai yi gangancin kawo ta gareji ba. Ya sayi faifan da aka riga aka yi wa wannan shimfiɗa, ya sake tsara sauran matakan su dace da abin da yake da shi. Wannan ɗabi'a ta sanin me za ka yi da kanka, me za ka saya, me za ka kauce wa gaba ɗaya, ita ce jarin da ya shigo da shi kamfani.

Keller kuwa tsohon hannu ne. Ya yi aiki a kan cip ɗin Alpha a kamfanin DEC, ya jagoranci tsara cip ɗin K8 a AMD, ya je Apple bayan ta sayi P.A. Semi a 2008 inda ya sa hannu a cip ɗin A4 da A5, ya koma AMD a 2012 aka yi tsarin cip na Zen da shi, ya wuce Tesla a 2016, sannan Intel daga 2018 zuwa 2020. A 2023 ya zama shugaban Tenstorrent, kamfanin zana cip. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana zana cip yana jiran masana'anta ta ƙera masa. A farkon 2023 rahotanni suka nuna asusun OpenAI Startup Fund na kan gaba wajen zuba wa Atomic Semi dala miliyan 15, bisa ƙiyasin darajar kamfanin a dala miliyan 100.

Matsalar da suke son warwarewa

Dala miliyan 15 kuɗi ne a ko'ina, amma a wannan harka ba su kai su sayi injin guda ba. Injin buga zane na EUV, wanda kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke ƙerawa a duniya, ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa kuma ya wuce miliyan 300. A cikinsa ana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da leza sau 50,000 a daƙiƙa don a samar da haske mai tsawon zango nanomita 13.5 (nanomita ɗaya cikin dubu ne na maikiromita). Masana'anta ɗaya ta zamani tana buƙatar irinsa da yawa, ga ɗaruruwan wasu injuna. Tun da daɗewa ake danganta wa Arthur Rock, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zuba jari a Intel, hasashen cewa kuɗin gina masana'antar cip yana ninkawa duk shekara huɗu. Tsadar ta kori kusan kowa daga sahun gaba. Kamfanin GlobalFoundries ya janye daga tseren ƙanƙantar da taransista a matakin nanomita 7 a 2018, aka bar kamfanin TSMC na Taiwan da Samsung da Intel.

Abin da wannan ya jawo wa mai ƙaramin buƙatu shi ne jira. An gina manyan masana'antu don su buga miliyoyin cip iri ɗaya a kan faifai masu faɗin milimita 300. Faifai ɗaya yakan bi ta ɗaruruwan matakai, ya yi wata uku ko fiye kafin ya fito. Gilasan zanen kaɗai, a fasahar sahun gaba, sun kai miliyoyin daloli. Injiniyan da ya yi kuskure a zanensa ba zai sani ba sai bayan watanni, sannan ya sake biya ya sake shiga layi. Mai rubuta manhaja yana gwada aikinsa sau hamsin a yini, mai zana cip kuwa in ya samu gwaji biyu ko uku a shekara ya gode Allah. Shi ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi mai yawa a kan kwaikwayo a kwamfuta, suna tsoron gwada sabon abu.

Amsar Atomic Semi ita ce a sauƙaƙa matakan, a rage girman komai, kuma kamfanin ya ƙera injunansa da kansa maimakon ya saya. Ba su da niyyar yin gasa da TSMC wajen ƙanƙantar taransista. Abin da suke son sayarwa shi ne lokaci: zane ya shiga, cip ya fito cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, a gwada, a gyara, a sake. Akwai kasuwa ga cip da ba na sahun gaba ba, an kuma gani a ƙarancin da aka yi daga 2020 zuwa 2022, lokacin da Ford ya jera dubban motocin da bai ƙarasa ba a filin tseren motoci na Kentucky, suna jiran cip masu arha na tsohuwar fasaha.

Ba su suka fara wannan tunani ba. A Japan, cibiyar bincike ta AIST ƙarƙashin Shiro Hara ta daɗe tana aiki a kan tsarin Minimal Fab, mai amfani da faifai na rabin inci, kowace na'ura faɗinta bai wuce santimita 30 ba, kuma ba a buƙatar ɗakin tsafta domin faifan yana tafiya ne a cikin rufaffen kwanso daga na'ura zuwa na'ura. Tsarin yana aiki, ana kuma sayar da shi, amma bayan fiye da shekara goma bai girgiza kasuwa ba. Tun 1981 kuma akwai MOSIS, hanyar da masu ƙananan zane ke haɗa kuɗi su raba faifai ɗaya. Kamfanin Efabless ya sabunta wannan hanya bayan Google da SkyWater sun buɗe wa kowa bayanan fasahar nanomita 130 a 2020, ɗalibai da masu sha'awa suka yi ta aika zane. A farkon 2025 Efabless ya rufe don ya kasa samun ƙarin jari. Duk mai son aiki a wannan fanni ya kamata ya riƙe wannan labari a ransa, domin masu son kayan sun yi yawa, masu biya ne suka yi kaɗan.

Inda gizo ke saƙar

Cikas na farko ƙura ce. Gashin kan mutum kaurinsa maikiromita 50 zuwa 100 ne, ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani kuwa ta isa ta kashe taransista. A gareji, in cip uku suka yi aiki cikin goma, an yi nasara, a ɗauki bidiyo. Abokin ciniki da ya biya kuɗi yana son na yau ya yi daidai da na makon jiya, kuma ya ci gaba da aiki bayan shekara biyar a cikin zafi da sanyi. Tazarar da ke tsakanin "ya yi aiki sau ɗaya" da "yana aiki kullum" ita ce ta cinye kamfanonin kayan lantarki da yawa, kuma ba a ƙetare ta da basira kaɗai, sai da haƙurin auna abu ɗaya sau dubu.

Na biyu, buga zane ba tare da gilashi ba, irin yadda Zeloof ya yi a gareji, yana da jinkiri. Injin ASML yana haska faifai fiye da 150 a awa, mai zana kai tsaye kuwa yana bin fuskar silikon ɗin ne kaɗan-kaɗan. Ga ƙaramin oda wannan ba komai ba ne, amma yana nufin kuɗin kowane cip ba zai taɓa sauka kamar na babbar masana'anta ba. Dole a nemo abokan cinikin da sauri ya fi musu arha muhimmanci: masu bincike, masu ƙera na'urorin auna abubuwa, masu kayan tsaro da na sararin samaniya, da sabbin kamfanonin da ke son gwaji kafin su tafi babbar masana'anta.

Na uku, masu zana cip ba za su zo ba sai an ba su cikakken bayanin yadda taransistan masana'antar ke aiki, a tsarin da manhajar zane za ta karanta. Wannan aikin manhaja ne mai yawa, shi ya sa kamfanin da aka sani da tanderu da asid yake neman masu rubuta manhaja kamar yadda yake neman masu sarrafa ƙarfe.

Maganar aiki

Wanda ya ji an ce "sabuwar masana'anta" ya kan hango dubban ma'aikata suna shiga ƙofa da safe. Harkar cip ba haka take ba, ko a manyan. A 2024 TSMC ya ce ya ware dala biliyan 65 don masana'antu uku a Phoenix ta jihar Arizona, ya ce za su samar da aikin kai tsaye kusan 6,000. In ka raba, kowane gurbi ɗaya ya ci fiye da dala miliyan 10. Harka ce mai cin kuɗi fiye da cin mutane. To in giwa ke nan, ƙaramin kamfani mai jarin farko na miliyan 15 ba zai zama maganin rashin aikin yi ga kowane gari ba. Atomic Semi da kansa ya bayyana cewa ƙaramar tawaga yake haɗawa ta injiniyoyi masu aiki da hannunsu, a fannin ƙere-ƙere da lantarki da kwamfuta da sarrafa silikon.

Bambancin yana cikin irin aikin. A babbar masana'anta injiniya yakan riƙe mataki ɗaya, misali zaizaya ko shimfiɗa, a kan injunan da Applied Materials ko Lam Research ko Tokyo Electron suka ƙera. Yana kallon alƙaluma a allo, in injin ya lalace a kira wakilin kamfanin da ya sayar da shi. Masu kula da injuna sukan yi aikin awa 12 cikin farar riga mai rufe jiki duka, kwana uku ko huɗu a mako. Mutum zai iya shekara goma a nan ya zama gwani a mataki ɗaya bai taɓa bin cip daga farko zuwa ƙarshe ba. A kamfanin da ke ƙera injunansa kuwa babu wakilin da za a kira. Wanda ya zana akwatin da ake zuƙe wa iska, shi zai tsaya yana neman inda yake yoyo, yana fesa iskar hiliyam a kowace mahaɗa yana kallon ma'auni ko zai motsa. Wanda ya haɗa teburin da ke motsa faifai a ƙarƙashin haske, shi zai gano cewa takun mutum a ɗakin ne ke karkata masa zane. Irin wannan ilimi a yau yana hannun kamfanoni ƙalilan, kuma ba a cika samunsa a aji ba.

Wannan ya canza abin da ake dubawa wajen ɗaukar mutum. Kamfanin da wanda ya kafa shi ya yi suna da bidiyon gareji, da wuya takardar digiri kaɗai ta burge shi. Abin da ke magana shi ne abin da ka gina: allon lantarkin da ka zana ka haɗa, injin da ka tashe daga mutuwa, manhajar da ke juya inji da daidaiton da bai kai kaurin gashi ba. A Carnegie Mellon ɗalibai sun kafa Hacker Fab, ƙaramin wurin ƙera cip da suka bi sawun Zeloof wajen gina shi, suna kuma wallafa zanen injunansu kyauta, wasu jami'o'i sun kwaikwaya. Mai son ɓangaren zane yana da Tiny Tapeout na Matt Venn, inda mutum ke saka ɗan zanensa a cip na gaske da kuɗi kaɗan. Ɗalibin da ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan yana da abin nunawa a ranar tantancewa.

Sai haɗarin. Sabbin kamfanoni a Amurka sukan biya wani ɓangare na lada da alƙawarin hannun jari, wanda bisa al'ada ke zama mallakar ma'aikaci a hankali cikin shekara huɗu, kuma wanda ya tafi kafin cika shekara ɗaya ba ya samun komai. Hannun jarin kamfanin da ba ya kasuwa takarda ce har ranar da aka sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwa, ranar da ba lallai ta zo ba. San Francisco kuma na cikin biranen da suka fi tsadar haya a ƙasar. Aikin ba a yinsa daga gida, tunda tanderu ba ya bin waya. Ga asid ɗin haidurofulorik da ake wanke silikon da shi, wanda ke ratsa fata ya kai ƙashi, wani lokaci ba a jin zafinsa sai bayan awoyi. Mai neman aiki a ƙaramin kamfani yana da haƙƙin ya tambayi wa ke kula da tsaron sinadarai kafin ya tambayi albashi.

Ga wanda ba ɗan Amurka ba akwai ƙarin shinge biyu. Bizar aiki ta H-1B tana da iyakar 85,000 a shekara kuma ana tace masu nema, ƙaramin kamfani kuwa ba shi da rundunar lauyoyi irin ta Intel. Sannan dokokin hana fitar da fasaha suna ɗaukar nuna wa baƙo wasu bayanai, ko da a cikin Amurka ne, tamkar an fitar da su zuwa ƙasarsa, abin da ke sa wasu kamfanonin cip taƙaita wasu guraben ga ƴan ƙasa da masu izinin zama na dindindin.

Duk da haka, a ganina lissafin ya fi karkata ga shiga, ga matashin da ba shi da nauyin iyali da yawa, kuma dalilin ba a cikin kamfanin yake ba. Dokar CHIPS ta Amurka, ta tallafa wa ƙera cip, da aka sa wa hannu a watan Agustan 2022 ta ware dala biliyan 52.7, biliyan 39 daga ciki don gina masana'antu. A 2023 ƙungiyar masana'antun semikondakta ta Amurka, SIA, tare da Oxford Economics, ta yi hasashen guraben aiki 67,000 za su rasa masu cike su nan da 2030, kashi 39 cikin ɗari na masu kula da injuna ne waɗanda ba sa buƙatar digirin shekara huɗu. A shekarar ce TSMC ya ɗage fara aiki a Arizona zuwa 2025, ya ɗora laifin kan ƙarancin ƙwararrun da za su kafa injuna. Kwalejojin gundumar Maricopa, inda Phoenix take, har kwas na kwana goma suka buɗe don fara horar da mutane. Wanda ya yi shekara uku yana gina injin zaizaya daga ƙarfe da waya, ko da kamfaninsa ya rufe gobe, ba zai daɗe a gida ba.

Kada kuma a ɗauka babban kamfani mafaka ce. A watan Agustan 2024 Intel ya sanar da sallamar kusan ma'aikata 15,000, masana'antar da yake ginawa a Ohio kuma an ɗage ta zuwa wajen 2030. Harkar cip tana hawa da sauka tun asalinta, shekarar ƙaranci ta kan biyo da shekarar da kaya suka yi kwantai.

Akwai wata hanyar da guraben za su iya yawaita, amma ta dogara da abin da kamfanin zai zama. In Atomic Semi ya tsaya a masana'anta ɗaya mai karɓar oda, ma'aikatansa ba za su yi yawa ba, komai nasararsa. In kuwa injunan da yake ƙerawa suka kai a maimaita su, a kafa ƙananan masana'antu a jami'o'i da cibiyoyin bincike da cikin wasu kamfanoni, to kowacce za ta buƙaci mai tafiyar da ita, mai gyara, mai kawo sinadarai, da masu zanen da a da ba su da inda za su kai aikinsu. Yawancin waɗannan mutane ba za su karɓi albashi daga Atomic Semi ba. Minimal Fab ya riga ya bi wannan hanya ta sayar da injuna, kuma tafiyarsa ta nuna cewa jami'a tana iya sayen na'ura biyu ko uku don bincike ba tare da ta taɓa kafa cikakken layi ba. Abin da mai neman aiki zai tambaya a ranar tantancewa ke nan: cikin cip ɗari da suka shiga layin a watan jiya, nawa suka fito lafiya, kuma wa ya biya kuɗinsu.